Gashin Ƙashi a Ƙauyuka da Garuruwan 'Yan Asalin Ostireliya: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu aikin gashin ƙashi ne, da ɗaliban fannin, da masu tsara ayyukan lafiya, waɗanda ke son sanin yadda ake kai wannan hidima wuraren da babban asibiti ya yi wa nisa. Ostireliya muka ɗauka saboda ta daɗe tana fama da matsalar. Tana da kuɗi da jiragen sama da ƙwararru, amma har yau ba ta gama shawo kanta ba, don haka akwai abin koyo a inda ta dace da kuma inda ta gaza.

Su wane ne 'yan asalin ƙasar, kuma nisan da ake faɗa ya kai ina?

Al'umma biyu ne. Akwai Aborijinawa, waɗanda ke zaune a nahiyar dubban shekaru kafin Turawan Ingila su sauka a 1788, sai kuma mutanen tsibiran Torres, da ke tsakanin arewacin jihar Queensland da ƙasar Papua New Guinea. Ƙiyasin hukumar ƙididdiga ta ƙasar na 2021 ya sa yawansu a kimanin 984,000, wato kashi 3.8 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Mafi yawansu a birane da manyan garuruwa suke, amma idan aka nausa cikin ƙasa akwai ɗaruruwan ƙananan garuruwa waɗanda kusan kowa a cikinsu ɗan asali ne.

Shi kuwa nisa, Yankin Arewa na Ostireliya (Northern Territory) kaɗai ya isa misali. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, ya fi Najeriya gaba ɗayanta girma, amma mutanen cikinsa ba su wuce kimanin 250,000 ba, kuma kusan kashi 30 cikin 100 'yan asali ne. Daga Alice Springs, inda asibitin yankin tsakiya yake, zuwa garin Kintore tafiyar kimanin kilomita 530 ce, mafi yawanta a kan hanyar ƙasa. A can gaɓar arewa kuma, daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce, koguna sukan cika su datse hanya, sai a jirgin sama ko na ruwa ake shiga wasu garuruwan. Gwamnati tana da ma'aunin nisa mai suna Monash, daga mataki na 1 na manyan birane zuwa na 7 na wurare mafi nisa, kuma da shi ake lissafin alawus da tallafin ma'aikata.

Wace irin lalura ce ke buƙatar gashin ƙashi a waɗannan wurare?

Ciwon suga yana da yawa ƙwarai, da duk abin da yake jawowa: gyambon ƙafa, mutuwar jijiya, yanke ƙafa, ciwon ƙoda. Shanyewar ɓarin jiki tana kama mutane da ƙuruciyarsu fiye da sauran jama'ar ƙasar. Akwai ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da ba a yi wa magani ba, wanda kusan ya ɓace a biranen ƙasar amma yana nan daram a Yankin Arewa. Akwai lalacewar hanyoyin iska na huhu a jikin yara da manya, wanda ke sa majina ta riƙa taruwa, sai an koya wa mutum yadda zai fitar da ita kullum. Sannan ga haɗarin mota a dogayen hanyoyi, ga yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, ga ciwon baya da na gwiwa.

Tazarar tsawon rai tsakanin 'yan asali da sauran jama'a ta kai wajen shekara takwas, kuma a wurare masu nisa ta fi haka. Shi ya sa ɗan asali ke samun damar shiga tsarin kula da tsofaffi tun yana da shekara 50, alhali sauran jama'a sai sun kai 65. Mai tsara aiki ya riƙe wannan da kyau: “tsohon” da zai yi wa hidima wataƙila magidanci ne da ke ciyar da iyali, ko uwa mai goyo.

Daga ina ake fara tsarawa?

Daga mutanen garin. Wannan magana tana da tarihi a bayanta. Shekaru da dama gwamnatocin ƙasar suna raba yaran 'yan asali da iyayensu da ƙarfi, sai daga baya, a ranar 13 ga Fabrairu 2008, Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi afuwa a majalisa. Asibitoci suna cikin wuraren da aka nuna wa 'yan asali wariya, kuma akwai dattawa da ransu da suka ga hakan da idonsu. Baƙon da ya sauko daga mota da takarda a hannu yana tambayar yara nawa ne a gidan, ba lallai ba ne a ɗauke shi mai taimako.

Saboda haka ne 'yan asali suka fara kafa asibitocinsu da kansu. Na farko an buɗe shi a unguwar Redfern ta birnin Sydney a 1971, sai na Congress a Alice Springs a 1973. Yanzu irin waɗannan asibitoci sun haura 140, a ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu NACCHO, kowanne da hukumar gudanarwar da jama'ar wurin suka zaɓa. Yarjejeniyar ƙasa ta cike giɓin da ke tsakanin 'yan asali da sauran jama'a da aka sa wa hannu a Yulin 2020 ta ɗora wa gwamnatoci yin shawara tare da 'yan asali da kuma ƙarfafa waɗannan asibitoci.

A aikace, kafin a sayi ko da sandar dogarawa ɗaya, ana zama da hukumar asibitin garin da dattawa maza da mata, sau da yawa kowane ɓangare daban. Ana duba rajistar asibiti don a san masu ciwon suga da waɗanda aka sallamo daga babban asibiti. Amma rajista ba ta nuna wanda ya shekara uku bai fito daga ɗaki ba. Irin wannan sai ma'aikacin lafiya ɗan garin ya kai ka gidansa. Kuma abin da mutane za su ce suna so yakan bambanta da abin da ƙwararre ya zo da shi a ransa. Shi yana auna yawan lanƙwasuwar gwiwa, ita kuwa majinyaciyar so take ta iya zama a ƙasa cikin 'yan'uwanta ta yi zane, ta iya hawa mota a tafi daji. Burinta shi ne ma'aunin aikin.

Likitan gashin zai zauna a garin ne, ko zuwa zai riƙa yi?

Garin da ke da mutum ɗari uku ba zai iya riƙe likitan gashi na kansa ba, don haka galibi cibiya ake kafawa a babban gari, kamar Alice Springs ko Katherine ko Broome ko tsibirin Thursday, ma'aikata su riƙa fita zagaye a mota ko a ƙaramin jirgi. Ƙasar ta saba da hakan tun 1928, lokacin da John Flynn ya kafa aikin likitocin jirgin sama a garin Cloncurry, wanda ya zama Royal Flying Doctor Service.

Sai dai zagaye iri-iri ne, kuma a nan tsari mai kyau ke rabuwa da maras kyau. Akwai wanda jirgi zai sauke da hantsi, ya ga mutum goma sha biyu, ya tashi kafin la'asar, sai bayan wata uku wani daban ya zo ya sake tambayar majinyaci labarinsa daga farko. A takarda za a rubuta cewa garin yana da hidimar gashin ƙashi. A gaskiya ba shi da ita. Ga wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya, wannan tsari yakan wuce da kyar. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, wanda watanni ukun farko su ne lokacin da jikinsa ya fi karɓar atisaye, kamar shuka ce da ake yi wa ban-ruwa sau ɗaya a wata uku.

Zagayen da ke amfani yana da alamomi. Mutum ɗaya ne ke komawa gari ɗaya shekara da shekaru. Ana sanin ranar zuwansa tun da wuri, ana kuma cika alkawari. Yana kwana biyu ko uku, domin wanda ya tafi farauta ko jana'iza ya dawo ya same shi, domin kuma ya shiga gidaje ya ga banɗaki da matakala da tabarmar da mutum ke kwana a kai. Yana rubuta bayanansa a rajistar asibitin garin, inda ma'aikatan jinya za su gani bayan tafiyarsa. Idan da hali yakan zo tare da mai koyar da ayyukan yau da kullum, da mai gyaran magana, da mai kula da ƙafa, amma kada tawagar ta yi yawan da za ta cika ɗan ƙaramin asibitin ta hana masu shi aiki. A ganina, idan kuɗi bai kai a yi wa gari goma irin wannan ba, gara a yi wa biyar da kyau, a faɗa wa sauran gaskiya, a kuma nemi ƙarin kuɗi da hujjar abin da biyar ɗin suka nuna.

To wa ke riƙe aikin bayan ƙwararren ya tafi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a shafin nan. Gashin ƙashi aiki ne na maimaici. Tashi daga kujera sau goma safe da yamma, taka ƙafa, miƙe hannun da ya ƙage, fitar da majina. Kwana biyu na ƙwararre ba za su maye gurbin kwana sittin da ba ya nan ba.

Akwai rukuni biyu na ma'aikata da ake dogara da su. Na farko ma'aikatan lafiya 'yan asali, waɗanda tun 2012 wani ɓangare nasu ke da rajista a hukumar ƙasa kamar sauran ma'aikatan lafiya. Sun san yare, sun san wa ke da iko a kan wa a cikin dangi, sun san gidan da ake makoki. Na biyu mataimakan masu gashi, waɗanda ake horarwa su gudanar da atisayen da ƙwararre ya tsara, a ƙarƙashin kulawarsa. Idan mataimakin ɗan garin ne, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: majinyaci ya samu mai zuwa kullum, gari kuma ya samu aikin yi.

Amma fa sai an yi shi da gaskiya. A rubuta a fili abin da mataimaki zai yi da abin da ba zai taɓa ba, da alamomin da idan ya gani zai kira nan take, kamar sabon kumburi a ƙafa, ko numfashi sama-sama, ko gyambon kwanciya. A ware lokacin waya tsakaninsa da ƙwararre kowane mako. A biya shi albashi na dindindin, a buɗe masa hanyar ƙarin karatu. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne mayar da ɗan gari direba da tafinta kawai, ana amfani da sunansa ana shiga gidaje amma ba a neman ra'ayinsa a kan majinyaci. Haka kuma a tuna da nauyin da ke kansa: majinyatan nan iyayensa ne da kawunnansa, ba ya tashi daga aiki ko da ya koma gida.

Iyali ma suna ciki. Matar gida ko jika ita ke ɗaga mutum daga shimfiɗa, don haka ita ce ta fi buƙatar a koya mata yadda za ta yi ba tare da ta karya bayanta ba.

Ba za a iya yin komai ta bidiyo ba?

Ana yin abubuwa da yawa, musamman tun Maris 2020 da annobar korona ta sa aka faɗaɗa biyan kuɗin ganin likita ta waya da bidiyo. Yana da amfani wajen bibiyar wanda aka riga aka sani, da duba yadda mataimaki ke gudanar da atisaye, da neman shawarar babban ƙwararre a birni. Yana rauni a ganin farko, domin ba a taɓa gaɓa ta allo. Intanet yakan yanke, waya ɗaya takan zagaya hannun mutum biyar a gida, kuma raunin ji ya yi yawa a waɗannan garuruwa saboda ciwon kunne tun yarinta. Bidiyo ya fi tafiya daidai idan akwai ma'aikaci a zaune kusa da majinyacin.

Waɗanne al'adu ne dole mai tsara aiki ya sani?

Al'ummomin ba ɗaya ba ne. Kafin zuwan Turawa harsunansu sun haura 250, kuma har yau a garuruwa da dama Pitjantjatjara ko Warlpiri ko Arrernte ko Yolngu ake yi a gida, Turanci ya zo na uku ko na huɗu. Yankin Arewa yana da hukumar tafintoci ta Aborijinawa, a sa kuɗinta cikin kasafi tun farko. Sanya yaro ya fassara wa kakarsa maganar yoyon fitsari bai dace ba.

Akwai al'amuran maza da na mata da ba a haɗawa. Aikin gashi kuwa aiki ne na taɓa jiki da buɗe tufafi, saboda haka tawagar da ba ta da mace da namiji ta rufe ƙofa ga rabin gari. Wasu asibitocin ƙofar maza daban ce da ta mata.

Akwai kunyar surukai, mai ƙarfi sosai a wurare da yawa, har namiji ba ya zama ɗaki ɗaya da uwar matarsa, ba ya kiran sunanta. Bahaushe ko Bafulatani ba zai sha wahalar gane wannan ba. Wanda ya shirya atisayen rukuni bai tambaya ba, zai ga mutane sun ƙi shigowa ya ɗauka ba sa so ne.

Sai makoki. Idan aka yi rasuwa, gari yakan tsaya cik na kwanaki ko makonni, mutane su yi tafiya mai nisa don halarta, a wasu wuraren kuma a daina ambaton sunan mamacin. Ziyarar da ta faɗo a irin wannan lokaci sai a ɗage ta. Kasafin da ba shi da sararin ɗage tafiya bai san wurin da aka yi shi dominsa ba.

A kan duk wannan akwai wata ƙa'ida da ta samo asali daga aikin Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori a New Zealand: majinyaci da iyalinsa ne ke da ikon cewa an mutunta su ko ba a mutunta su ba, ma'aikaci ba ya ba wa kansa wannan shaida. Hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta Ostireliya ta ɗauki wannan ƙa'ida a kan duk wanda ta yi wa rajista, har da masu gashin ƙashi.

Yadda ake magana da majinyaci yana da tasiri a kan ciwon kansa?

Ƙwarai kuwa. Ivan Lin, likitan gashi a garin Geraldton na Yammacin Ostireliya, shi da abokan aikinsa sun yi hira da Aborijinawa masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun tarar cewa waɗanda ciwon ya fi naƙasawa sun yi imani bayansu ya lalace kuma gaba sai keken guragu, kuma da yawa daga bakin ma'aikatan lafiya da bayanin hoton ƙashi suka samo wannan tunani. Kalma ɗaya da aka yar wa mutum a gaggauce ta zauna masa a rai shekaru, ta hana shi motsi.

Daga baya Lin tare da Charmaine Green da Dawn Bessarab suka tsara hanyar ganawa da ta ginu a kan salon hirar Aborijinawa, mai zango uku. A fara da gaisuwa da sanin juna, daga ina kake, su wa ka sani. Sannan a bar mutum ya ba da labarin ciwonsa yadda ya ga dama ba tare da an yi ta katse shi da tambayoyi ba. A ƙarshe a yi bayanin magani da misalan da ya sani, a yanke shawara tare. Wannan yana cin lokaci, don haka mai tsara jadawali ya daina lissafin minti ashirin ga kowa.

Masu maganin gargajiya fa?

A tsakiyar ƙasar ana kiransu ngangkari, kuma ƙungiyar matan Aborijinawa ta NPY tana ɗaukarsu aiki suna shiga asibitoci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Kudancin Ostireliya ta 2009 ta ambaci haɗa kai da masu maganin gargajiya. Majinyaci zai je wurinsu ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Idan da mutunci a tsakaninku, zai faɗa maka, kai ma ka san abin da ake yi masa.

Me ya sa ba za a kwashe majinyata zuwa birni ba, inda kayan aiki suke?

Ana yi idan ya zama dole, kuma kowace jiha tana da tallafin kuɗin tafiya. Amma ga Aborijine ƙasar kakanninsa ɓangare ce ta lafiyarsa, akwai ibadu da haƙƙoƙin da ba ya iya saukewa daga nesa. Mutane sukan bar gadon asibiti kafin a sallame su saboda kewa, wasu kuma su ƙi tafiya tun farko don tsoron mutuwa a baƙon wuri.

Labarin Purple House, ƙungiyar 'yan asali mai kai wankin ƙoda garuruwa masu nisa, ya nuna girman abin. Mutanen Pintupi, Aborijinawan yankin Kintore, sun ga dattawansu suna ƙare rayuwarsu a Alice Springs, inda dole suka koma don wankin ƙoda. A shekarar 2000 masu zanensu suka yi manyan zane-zane aka yi gwanjonsu a Sydney, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya, a 2004 aka fara wankin ƙoda a Kintore. Idan injin wankin ƙoda ya iya zama a hamada, ba wani dalilin da zai hana atisayen tafiya zama a can.

A fannin gashi kuwa, misali mafi kusa shi ne gidauniyar MJD da aka kafa a 2008 saboda iyalan tsibirin Groote Eylandt da kewaye, inda cutar Machado-Joseph (MJD a taƙaice) ta yi yawa. Cutar gado ce da ke lalata daidaiton jiki sannu a hankali, ba ta da magani, kuma duk ɗan da mai ita ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Abin da ake iya yi shi ne a tsawaita shekarun da mutum ke tafiya da ƙafarsa. Gidauniyar tana aiki da ma'aikata daga cikin iyalan, ana kuma haɗa motsa jiki da fita bakin teku da daji, inda mutane ke son zuwa da ma.

Wa ke biya?

Kuɗin daga aljihu daban-daban yake fitowa, kuma wannan kansa matsala ce. Inshorar ƙasa ta Medicare tana tallafa wa mai daɗaɗɗen ciwo ganin masu gashi da makamantansu sau biyar a shekara, ɗan asali kuma har sau goma. Tsarin NDIS da aka fara a 2013 yana ware wa mai naƙasa kuɗi da sunansa ya sayi hidimar da yake so. Ga kuma kuɗin jihohi da na kula da tsofaffi.

Tsarin ba mutum kuɗi ya zaɓi mai yi masa aiki yana tafiya a birni. A garin da ba mai sayar da hidimar, kuɗin sai ya zauna a takarda ba a taɓa shi ba, kuma abin da aka gani ke nan a wurare masu nisa. Bitar da aka yi wa NDIS a 2023 ta ba da shawarar a nemi wata hanyar sayen hidima tare da al'ummomin. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa kuɗaɗen a biya ma'aikaci ɗaya ya ga kowa a garin, yaro da tsoho, kuma kwangilar ta kai shekaru. Da kwangilar shekara ɗaya ba wanda zai kwashe iyalinsa ya koma Katherine.

Wane irin kayan aiki ake tanada?

Kaɗan, masu ƙwari, waɗanda za a iya gyarawa a wurin. Keken guragun da aka ƙera don daɓen asibiti ba ya wata uku a yashi da ƙaya. A zaɓi mai faɗin taya, a ajiye kayan gyara a garin, a koya wa wani ɗaurawa. Keke mai batir sai an tabbatar gidan yana da wuta a kai a kai. Yawancin atisaye kuwa kujera da bango da robar ja sun ishe shi.

Yaya ake samun ma'aikata, kuma yaya ake riƙe su?

Samu ya fi riƙewa sauƙi. Wani bincike a asibitocin gwamnati na ƙauyukan Yankin Arewa tsakanin 2013 da 2015 ya nuna cewa cikin ma'aikatan jinya biyar da suka kama aiki, ɗaya ne kawai ke nan a asibitin bayan shekara. Duk wanda ya tafi, ya tafi da amanar da aka fara ba shi.

Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne ɗaukar ɗalibai daga karkara, da tura su koyon aiki na dogon lokaci a can, da horo na musamman ga wanda zai zama shi kaɗai a yanki, ya ga jariri da safe, mai karaya da rana, mai ciwon huhu da yamma. Jami'ar James Cook da ke Queensland tana ba da irin wannan horo. Ƙungiyar IAHA, da aka kafa a 2009, tana tallafa wa 'yan asali su shiga waɗannan fannoni, domin har yanzu adadinsu a cikin masu gashi kaɗan ne ƙwarai. Sauran kuma abubuwa ne na zaman duniya: gida mai kyau, hutu na gaske, wanda zai riƙe aiki idan ka tafi, babba da za ka kira idan ka rasa yadda za ka yi.

Tsaro ma ba abin wasa ba ne. Bayan kisan ma'aikaciyar jinya Gayle Woodford a garin Fregon a 2016, Kudancin Ostireliya ta yi dokar da ta hana ma'aikacin lafiya a wuri mai nisa fita kiran gaggawa shi kaɗai. Ga mai zagaye a mota kuma, wayar tauraron ɗan'adam da ruwa da tayar safaya biyu suna cikin kayan aiki.

Ta yaya za a san aikin yana ci?

Ƙirga yawan waɗanda aka gani ba ya isa. A duba kwana nawa ke wucewa tsakanin sallamar mutum daga babban asibiti da ganin mai gashi a garinsu. A duba ziyara nawa aka yi alkawari, nawa aka cika, fuska nawa garin ya gani a shekara biyu, 'yan gari nawa ke karɓar albashi a aikin. A tambayi majinyata ko sun cimma abin da suka ce suna so. Sakamakon kuma a mayar wa hukumar garin da bakin da za su gane, domin bayanan nasu ne.

Akwai abin da ya shafe mu a nan?

Tarihinmu daban ne, aljihunmu ma daban. Ba mu da jiragen zagaye, kuma matsalarmu ba ƙarancin mutane a fili mai faɗi ba ce, yawan mutane ne a kan ƙwararru kaɗan da suka taru a manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Amma mai shanyewar ɓarin jiki da aka sallama ya koma ƙauye, da yaron da ya haura shekara biyu bai zauna ba, da waɗanda shan-inna ta bari da naƙasa kafin a ayyana kawar da ita daga Afirka a 2020, da makiyayin da rugarsa ke tashi da rani, duk tambayarsu ɗaya ce da ta mutanen Kintore: wa zai zo gobe?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke da lalurar da farfaɗo da jiki zai taimaka wa, kuma a Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙudurin shigar da wannan hidima cikin kiwon lafiya matakin farko. A wurinmu wannan matakin yana hannun jami'an lafiyar al'umma da ke ƙananan asibitoci. Su za a iya koya wa atisayen farko da alamomin haɗari, a haɗa kowane rukuni da likitan gashi ɗaya a babban asibitin yankin, mai zuwa a ranar da aka sani, ranar kasuwa misali, a tanadi mace mai duba mata, a kuma zauna da masu ɗori a yi yarjejeniya a kan karayar da za su turo asibiti ba tare da sun taɓa ba.